Waliyyi Fatirik: Makiyayin da Ya Koma Ƙasar da Aka Bautar da Shi

Darasi domin ƙungiyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki na ƙauyuka

'Yan'uwa, kowace shekara ranar 17 ga watan Maris Ikilisiya ta kan tuna da Waliyyi Fatirik, wanda ya kai bishara ƙasar Ailan. Ranar kullum tana faɗowa cikin Lokacin Azumi, sa'ad da zafin bazara ya kankama, manoma kuma suna sharar gona suna jiran ruwan fari. Da yawa a cikinmu mun san sunan, gama akwai majami'u da makarantu masu sunansa, akwai kuma yaran da aka raɗa musu shi ranar baftisma. Amma in ka tambayi mutum abin da Fatirik ya yi, sau da yawa sai ya ce, "Ai shi ne ya kori macizai." Daga nan magana ta ƙare. A wannan darasi za mu bi labarinsa kamar yadda shi kansa ya bayar, mu ga abin da labarin ya ke nema daga gare mu, mu da mu ke girmama shi.

Kafin a fara, sai shugaban ƙungiya ya sa mutum biyu su karanta Farawa 45:1-15 da Ayyukan Manzanni 16:6-10. In akwai waɗanda ba su iya karatu ba, a karanta musu darasin a hankali, a dinga tsayawa a ƙarshen kowane kashi.

INDA AKA SAMI LABARINSA

Fatirik ya yi zamani a ƙarni na 5 bayan haihuwar Almasihu, watau fiye da shekara 1,500 ke nan. Takardu biyu da ya rubuta da harshen Latin sun kawo har wa yau. Ta fari ita ce shaidarsa, wadda ya rubuta da ya tsufa, inda ya ba da labarin ransa, ya kuma amsa wa masu zarginsa. Ta biyu wasiƙa ce zuwa ga sojojin wani mai mulki, Korotikus. Akwai kofen shaidar a cikin wani littafi da aka rubuta da hannu a garin Arma wajen shekara ta 807, yana nan a ajiye a birnin Dabilin.

Labaran al'ajibai da a ke dangana masa kuwa, waɗansu ne suka fara rubuta su wajen shekara 200 bayan zamaninsa. Ailan tsibiri ce, babu macizai a cikinta tun kafin a haife shi. Haka kuma labarin nan cewa ya tsinki ganye mai kunne uku ya kwatanta Triniti da shi, sai bayan fiye da shekara 1,000 ya bayyana a rubuce. Ba laifi a ba yara waɗannan labaru da dare, amma mu manya sai mu riƙe abin da mutumin ya faɗa da bakinsa, gama ya fi su nauyi nesa.

ƊAN GATA YA ZAMA BAWA

An haifi Fatirik a Birtaniya, a ƙarshen zamanin da Romawa ke mulkin ƙasar. Gidansu gidan masu-bi ne, kuma gidan wadata. Ubansa Kalforniyus dikin ne, ɗan majalisar gari kuma. Kakansa Fotitus firist ne. Suna da gandu da barori kusa da ƙauyensu. Duk da haka Fatirik ya ce a lokacin bai san Allah na gaskiya ba, shi da tsararsa ba sa jin maganar firistoci. Iyaye, mu lura da wannan. Ana iya haihuwar yaro a gidan dattijon Ikilisiya, ya girma har ya yi gemu bai san Ubangiji ba, gama ba a gadon bangaskiya kamar yadda a ke gadon gona.

Yana da shekara kusan 16 sai mahara suka ƙetaro teku suka faɗa wa gandun, suka kama shi suka kai shi Ailan, kamar yadda aka kwashi dubban mutane a irin wannan hari. Ailan ba ta taɓa shiga ƙarƙashin mulkin Roma ba. Ba ta da birane a lokacin, sai ƙananan sarakuna barkatai, dukiyarsu shanu ne da bayi, yawancin mutanen kuwa suna bin addinin kakanninsu. Aka sa shi kiwon dabbobi. Yaron da a dā barori ke yi wa hidima ya wayi gari yana bin garken wani a daji da kan tudu, ba shi da mai tambayar lafiyarsa.

Duk wanda ya taɓa yin kiwo ya san tsawon yini in ba ka da abokin hira. A cikin wannan kaɗaici ne Fatirik ya tuna da Allahn da aka koya masa a gida ya ƙi ji. Ya ce ya kan yi addu'a har sau 100 a yini, da dare ma kusan haka. Ya kan tashi tun kafin asuba domin addu'a, ko ana ruwa, ko ƙanƙara tana zuba, bai kuwa ji ƙyuya ba. Shekara 6 ya yi a haka. Ba shi da firist, ba shi da majami'a, ba shi da littafi. A wurin kiwo ya tuba.

GUDU DA KOMAWA

Wata rana da dare ya ji murya cikin barci tana gaya masa ya kusa komawa gida, daga baya kuma aka ce masa jirginsa ya shirya. Jirgin yana wajen mil 200 daga inda ya ke, a wurin da bai taɓa zuwa ba, bai kuwa san kowa ba. Ya gudu daga ubangidansa, ya yi ta tafiya har ya iske jirgin. Da fari mai jirgin ya kore shi da fushi. Yana komawa yana addu'a sai aka ƙwala masa kira ya zo ya shiga. Suka yi kwana 3 a teku, sa'an nan suka yi kwana 28 suna ratsa ƙasar da ba kowa, har guzuri ya ƙare. Mutanen jirgin suka ce masa, tun da ya ce Allahnsa mai iko ne, ya roƙa musu abinci mana. Ya yi musu gargaɗi su juyo ga Allah, ba a jima ba sai ga garken aladu a kan hanya, suka yanka suka ci suka farfaɗo. Bayan waɗansu shekaru ya isa gida. Danginsa suka karɓe shi da murna, suka roƙe shi kada ya sāke barinsu, wahalar da ya sha ta isa.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce Allah ya ceci bawansa, mu yi godiya mu tashi. Amma yana gida sai ya yi mafarki. Ya ga wani mutum mai suna Biktorikus ya zo daga Ailan da wasiƙu masu yawa, ya miƙa masa ɗaya. Yana karantawa sai ya ji kamar muryar mutanen da ke zaune kusa da wani kurmi a bakin tekun yamma, suna roƙonsa ya zo ya sāke zama a cikinsu. Abin ya soke shi a zuciya har ya kāsa ƙarasa karatun, ya farka. Ku gwada wannan da wahayin da Bulus ya gani na mutumin Makidoniya a karatunmu na biyu. Akwai bambanci guda: mutanen Makidoniya ba su taɓa yi wa Bulus kome ba, amma masu kiran Fatirik mutanen ƙasar da ta cinye ƙuruciyarsa ne.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba wanda zai ga laifin Fatirik da ya ce shi da Ailan har abada. Shi ma bai yi saurin tafiya ba. Ya yi shekaru yana koyo, ya zama dikin, daga baya aka naɗa shi bishop. Danginsa suka yi ta ba shi kyautai da kuka domin ya zauna, waɗansu manya kuma suna cewa don me mutumin nan zai jefa kansa cikin hatsari a tsakanin abokan gaba. Duk da haka ya tafi, bai kuwa sāke komowa ya zauna a ƙasarsu ba, ko da ya ke ya ce yana marmarin ganin danginsa.

Akwai masu-bi kaɗan a Ailan kafin ya koma, gama a shekara ta 431 Paparoma Selestin ya aiki wani bishop, Faladiyus, zuwa gare su. Bisa ga al'adar Ikilisiya Fatirik ya sauka a shekara ta 432. Shi aikinsa ya kai shi can lunguna, inda ya ce ba wanda ya taɓa zuwa ya yi baftisma. Ya yi wa dubban mutane baftisma, ya naɗa firistoci daga cikin 'yan ƙasa, 'ya'yan sarakuna da bayi mata kuma suka ba da kansu ga hidimar Almasihu.

ABUBUWA UKU GAME DA YADDA YA YI AIKI

Na fari, bai karɓi kome ba. Ya ƙalubalanci duk wanda ya taɓa ba shi ko ɗan ƙanƙanen kuɗi domin baftisma, ko kuɗin takalmi domin naɗi, ya fito ya faɗa a mayar masa. Mata masu ibada su kan zuba kayan adonsu a kan bagade, shi kuwa sai ya mayar musu, har suna jin haushinsa. Ya yi haka ne domin kada marasa-bi su sami abin faɗa a kan bishara. Maimakon ya karɓa, shi ne ke kashewa. Ya kan ba sarakuna kyauta domin su bar shi ya ratsa ƙasarsu, ya kan biya 'ya'yansu da ke yi masa rakiya, abin da ya ba alƙalai kuma ya ce ya kai kuɗin mutum 15. Duk da haka an taɓa kama shi aka kwashe kayansa, aka sa masa mari, sai a rana ta 14 aka sake shi.

Na biyu, bai ɓoye kasawarsa ba. An katse masa karatu yana ɗan shekara 16, saboda haka har ya tsufa yana jin kunyar Latin ɗinsa a gaban masu ilmi. Ya kira kansa mai zunubi, baƙauye, marar ilmi. Ya kwatanta kansa da dutsen da ke kwance cikin taɓo, Mai Iko ya zo ya ɗauke shi ya ɗora a kan katanga. Akwai kuma wani zunubi da ya yi yana yaro, wanda ya faɗa wa babban amininsa a asirce. Bayan shekara 30 aka tono maganar aka yi masa shari'a da ita a gaban manyan Ikilisiya. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma bai bar aikin ba.

Na uku, ya tsaya wa mutanensa sababbi, ko da a gaban mutanensa na haihuwa. Sojojin Korotikus daga Birtaniya su ke, ƙasar Fatirik, suna kuma amsa sunan Kirista. Suka kai hari kan waɗansu sababbin masu-bi kashegarin baftismarsu, suna saye da fararen tufafi, man shafewa bai bushe a goshinsu ba. Suka kashe waɗansu, suka kwashi sauran domin sayarwa. Fatirik ya aiki firist ya roƙa a saki kamammun, aka yi masa dariya. Sai ya rubuta wasiƙar nan, ya ce a karanta ta a fili, ya umarci masu-bi kada su ci ko su sha tare da maharan, kada kuma su karɓi sadakarsu, sai sun tuba sun saki waɗanda suka kama. Shi da ya ɗanɗana bauta bai iya yin shiru ba don kawai masu laifin 'yan ƙasarsu ne.

IRIN DA YA SHUKA

Manomi ya san ƙwaya ɗaya ta dawa ta kan ba da zangarniya, zangarniya kuma ta shuka kunya da yawa baɗi. Ƙasar da a dā ke kamo bayi daga ƙetare ta koma tana aika masu-bishara ƙetare. A shekara ta 563 Kolumba ya tashi daga Ailan ya kafa zango a tsibirin Ayona, kusa da Sikotilan. Daga Ayona Aidan ya tafi arewacin Ingila a shekara ta 635. Kolumbanus ya yi aiki a Faransa, ya rasu a Italiya a shekara ta 615.

Irin nan ya kawo har ƙasarmu. A shekara ta 1887 Samuwel Bill ya zo daga Belfas ya fara aikin mishan a bakin kogin Kwa Ibo. Ranar 17 ga Maris 1932 aka kafa ƙungiyar firistoci masu-bishara mai sunan Fatirik a Kiltegan ta ƙasar Ailan, aikinsu na fari kuwa a yankin Kalaba da Ogoja ne. Bishop na fari na Katolika a Kaduna, da na Jos, duka mutanen Ailan ne. A shekara ta 1961 aka zaɓi Fatirik ya zama waliyyin Nijeriya a Ikilisiyar Katolika. Watau da yawa a cikinmu, in muka bi sawun bangaskiyarmu baya, za mu iske ya bi ta wurin kiwon nan inda wani yaro bawa ya ke addu'a cikin sanyi.

YAYA ZA MU GIRMAMA SHI?

Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Tsarkaka kuwa muna girmama su ne kamar yadda Ibraniyawa 13:7 ta koya, watau mu tuna da waɗanda suka faɗa mana maganar Allah, mu dubi ƙarshen zamansu, mu yi koyi da bangaskiyarsu. Yana da kyau a yi taro ranar 17 ga Maris, a yi waƙa, a ci abinci tare. Amma in muka watse kowa ya koma da gabarsa a ciki, to, mun ci tuwon biki ne kurum. Abin da ya sa a ke tunawa da Fatirik shi ne ya koma wurin mutanen da ya ke da dalilin ƙi, ya kai musu abu mafi daraja da ya ke da shi.

A cikin yawon aikina na malamin gona na taɓa zama a wani ƙauye inda masu-bi suka haɗa ƙarfi suka haƙa rijiya. Akwai wata unguwa a hayin rafi, mutanenta ba masu-bi ba ne, an kuwa daɗe ba a ga maciji da su saboda rigimar iyakar gona. Aka yanke shawara ba za su ɗebi ruwan ba, tun da ba su sa hannu a haƙa ba. Bayan 'yan watanni sai ga dattawan nan a taro suna shawarar a aika mai-bishara hayin rafi. Wata tsohuwa da ke zaune can baya ta ɗaga murya ta ce mini, "Malam, ɗana, tambaye su mana. Kun hana mutane ruwan sha, sa'an nan za ku kai musu ruwan baftisma?" Wuri ya yi tsit. Kashegari dattawa biyu suka ƙetare rafin suka gai da mai unguwa, suka ce mata su zo su ɗebi ruwa. Har na bar ƙauyen ba a yi wa kowa baftisma daga hayin ba, amma gaisuwa ta dawo, ana zuwa wa juna ta'aziyya da barka, in mai-bi ya buɗe baki kuma ana saurarensa.

Daga wannan sai mu ɗauki gargaɗi game da ayyukanmu na raya karkara. Rijiya, da iri, da taki, da magani, kada su zama ƙugiyar kama mutane. A ba kowa bisa ga bukatarsa, ko mai-bi ne ko ba mai-bi ba, kada a ce wa mutum sai ya zo majami'a kafin a rubuta sunansa. Wanda ya shigo domin buhun taki zai fita ranar da taki ya ƙare. Fatirik ya ƙi karɓar kuɗi domin baftisma. Mu ma kada mu sayi mutum da kaya. Ba kuma da tilas ko zagin addinin wani a ke shaida ba. Manzo Bitrus ya ce mu zauna da shirin ba da amsa ga mai tambayarmu dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi, kamar yadda za ku gani a 1 Bitrus 3:15-16.

Kada kuma wani ya ce, "Ni ban yi makaranta ba, wannan aikin Fada ne da katikis." Mu malaman gona mun sani sabon iri ba ya yaɗuwa ta wurin laccarmu. Ya kan yaɗu ne sa'ad da manomi ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau, ya je ya roƙi mudu ɗaya. Maƙwabcinka yana ganin mudun da ka ke awo da shi a kasuwa, da yadda ka ke zama da iyalinka, da abin da ka yi ranar da akuyarsa ta shiga gonarka. In ya ga abin sha'awa zai tambaya. A ranar sai ka gaya masa abin da Ubangiji ya yi maka, da irin bakin da Allah ya ba ka, kamar yadda makiyayin nan ya yi da guntun Latin ɗinsa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ta wace hanya labarin Fatirik ya yi kama da na Yusufu a Farawa 45? Ta ina suka bambanta?

2. Fatirik ɗan dikin ne amma bai san Allah ba sai a wurin kiwo. Me mu ke yi a gidajenmu domin yaranmu, musamman waɗanda su ke yini a daji da dabbobi?

3. Akwai gida, ko unguwa, ko ruga kusa da mu da muka daina gaisuwa da su? Mene ne mafarin abin? Wa zai fara zuwa?

4. A cikin ayyukan ƙungiyarmu, an taɓa hana wani taimako domin ba namu ba ne?

5. In ɗan'uwanmu mai-bi ya cuci wanda ba mai-bi ba, mu kan faɗi gaskiya, ko mu kan rufa masa?

AIKIN WANNAN MAKO

Kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi mutum ɗaya ko gida ɗaya da ke tsakaninsu da tsami. Ya yi addu'a dominsu kowace safiya har kwana 7, sa'an nan ya je ya gaishe su kafin taro na gaba. Kada ya tafi da wa'azi a zuwan fari, gaisuwa ta isa. A taro na gaba kowa ya ba da labarin yadda aka karɓe shi, ko da daɗi ko ba daɗi.

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai da ka sami bawanka Fatirik a wurin kiwo, ka kuma mai da shi wurin waɗanda suka bautar da shi, muna yi maka godiya domin dukan waɗanda suka kawo mana bishara. Ka cire mana riƙo daga zuciya. Ka ba mu ƙarfin hali mu ƙetare zuwa wurin maƙwabtanmu da hannu a buɗe, mu faɗi alherinka ba tare da neman lada ba. Ka sa albarka a gonakinmu da garkunanmu a daminar da ke zuwa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.